Yaya za mu koya wa ɗalibai da malamai amfani da laburare har abin ya zauna?

Malamar Laburare:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni a wannan aiki, da malaman jami'a, da ɗaliban da ke rubuta kundi.

Ni ma'aikaciyar laburare ce a wata jami'ar jiha a Arewa maso Yamma. Bara aka ɗauke ni daga sashen katalog aka mayar da ni ɗakin kwamfutoci da intanet, aka kuma ɗora mini horar da masu amfani da laburare. Abin da na tarar shi ne abin da kowa ya sani. A makon farko na sababbin ɗalibai sai a kwaso su garke guda a zaga da su: ga kantocin littattafai, ga sashen mujallu, ga inda ake ajiye jaka, ba a cin abinci, ba a amsa waya. Sai kuma kwas ɗin GST, wato darasin gama-gari da kowane ɗalibi ke ɗauka, na amfani da laburare a aji ɗaya, a cika babban ɗakin lacca maƙil, malami yana gaba da makirufo yana karanto ma'anar katalog da ire-iren laburare, su haddace, su rubuta jarrabawa, su ci. Daga nan yawancinsu ba ma sake ganinsu sai an kusa jarrabawa, shi ma ba don littattafanmu ba. Fanka suke so da kujera da wurin cajin waya. Su zo da handaut ɗinsu, su karanta, su tafi.

Sai sun kai ajin ƙarshe an ba su batun kundi sannan su dawo a rikice. Maganarsu ɗaya ce: "Malama, babu komai a kan batuna." Idan na ce su nuna mini yadda suka nema, sai in ga sun kwashe taken kundin gaba ɗaya, har da sunan ƙaramar hukuma da jiha, sun zuba wa Google. Da abin da suke so bai fito ba sai suka yanke cewa ba a taɓa rubutu a kai ba. Wanda bai zo wurina ba kuwa na san inda ya nufa: shagunan buga takardu na bakin ƙofa, inda ake sayar da tsohon kundi a canza suna da shekara.

Abin da ke ci mini rai shi ne ba rashin kaya ne matsalarmu ba. Muna da rajista da Research4Life, tarin rumbunan mujallun ilimi na intanet, wato Hinari na lafiya, AGORA na noma, OARE na muhalli, ARDI na fasaha da ƙirƙira, GOALI na shari'a. Muna shiga JSTOR, wani rumbun mujallun. AJOL, rumbun mujallun Afirka, da DOAJ, jerin mujallun da ake karantawa kyauta, kuwa kowa na iya buɗe su daga wayarsa. TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantu, ta sa mana kwamfutoci. Amma idan na duba littafin da masu shigowa ke sa hannu, sunaye kaɗan ne ke ta maimaita kansu.

Na malamai ya fi wuya. Mun rubuta takarda zuwa kowace tsangaya muna gayyatar taron bita, muka tanadi majigi da lemo. Waɗanda suka zo ƙananan malamai ne, galibinsu masu karatun digiri na biyu da na uku. Manyan sai dai su aiko ɗalibi ya karɓo musu kalmar sirrin shiga rumbunan a guntuwar takarda, kuma ban san ko ana amfani da ita ba.

Tambayoyina: a wane lokaci kuke koyar da ɗalibai, kuma me kuke koya musu idan awa ɗaya kawai aka ba ku? Ta yaya kuke jawo manyan malamai? Sannan me kuke yi idan kun tara mutane wuta ta ɗauke ko netwok ya ƙi? Ba na son in shekara biyar ina zaga da yara suna kallon kantoci, su gama jami'a ba su san yadda ake nemo maƙala ɗaya ba.

Tsohon Ma'aikaci:

Wa alaikumus salam. 'Yata, Allah ya yi miki albarka da kika damu da wannan. Na yi ritaya daga laburaren wata jami'ar tarayya, kuma tun zamanin katalog na kati, wanda ake jan akwati a bi katuna da yatsa, wannan kuka ake yi.

Ki fara da lokaci, don nan ne tushen. Ɗan aji ɗaya ba shi da tambayar da yake neman amsarta. Duk abin da kika gaya masa game da rumbun mujallu zuba ruwa ne a kwando. Kada ki soke zagayen, yana da amfaninsa: yaro ya san ƙofa, ya yi rajista, ya san fuskarki, ya koyi karanta lambar da ke bayan littafi. Yawancin jami'o'inmu tsarin Laburaren Majalisar Dokokin Amurka suke bi, to ki nuna masa cewa BP Musulunci ne, L ilimi, K shari'a, S noma, DT tarihin Afirka, Nijeriya kuma tana DT515, harshen Hausa da adabinsa suna wajen PL8231 zuwa PL8234. Ki ba kowane rukuni lamba ɗaya a takarda ki ce su je su ɗauko littafin su kawo miki. Wanda ya taɓa nemo littafi da hannunsa ya fi wanda ya ci A a jarrabawar GST. Iyakar abin da za ki nema daga ɗan aji ɗaya ke nan.

Ainihin koyarwar kuwa ki kai ta inda ƙishirwa take. Kowane sashe yana da kwas na dabarun bincike a aji uku ko farkon aji huɗu, haka ma masu digiri na biyu. Ki nemi malamin da ke koyar da shi, ki roƙe shi lacca ɗaya bayan an raba batutuwa, ba kafin nan ba. Sharaɗi guda: kowane ɗalibi ya zo da batunsa a rubuce.

A awa ɗayan nan kada ki yi tarihin laburare, kada ki jera sunayen rumbuna goma sha. Ki ɗauki batun ɗalibi ɗaya ki rubuta a allo, ku fasa shi tare zuwa ginshiƙai biyu ko uku. A ƙarƙashin kowane ginshiƙi su kawo duk kalmomin da masana ke kiran abin da su. Sannan ki nuna musu OR yana haɗa kalmomi masu ma'ana ɗaya ya faɗaɗa nema, AND yana haɗa ginshiƙi da ginshiƙi ya taƙaita shi, alamar zance kuma tana riƙe kalmomi biyu a manne. Ki cire sunan ƙaramar hukumar a gabansu su ga yadda sakamako ke ɓarkowa. A nan za ki gaya musu abin da ba a gaya musu ba: rashin rubutu a kan garinsu shi ne dalilin binciken, bitar ayyukan da suka gabata kuwa a kan matsalar ake yi, ko a Zinder aka yi aikin ko a Indiya. Idan suka samu maƙala ɗaya mai kyau, ki nuna musu su bi manazartarta su koma baya, su danna "Cited by" a Google Scholar su ga waɗanda suka zo bayanta. Rabin lokacin da ya rage ki yi shiru, kowa ya gwada nasa a wayarsa, ke kina zagawa.

Maganar wuta da netwok, kullum ki shiga aji da shirin babu su. Ki ɗauki hoton kowane mataki tun da dare ko da sassafe lokacin da netwok ke da ƙarfi, ki sauke maƙala uku ko huɗu a filashi. Fasa batu kuwa allo da alli kawai yake so. A zamaninmu mun ci moriyar TEEAL, tarin mujallun noma da Jami'ar Cornell ta haɗa, wanda ya fara zuwa a faya-fayan CD, da kuma eGranary, wanda tunaninsa ya samo asali daga wahalar intanet da wani malami Ba'amurke ya gani a Jami'ar Jos a ƙarshen shekarun 1990. Duka biyun ba sa buƙatar intanet. Ki leƙa sito, ba mamaki akwai ɗaya a ajiye.

Manyan malamai kuma kada ki ɗauka raini ne. Farfesa ba zai zauna a benci ɗaya da wanda ya koyar a aji biyu ya ɗaga hannu ya ce bai gane inda ake dannawa ba. Girma ne da kunya, kuma ya kamata a kiyaye masa su. Ki same shi a ofishinsa, ki gaishe shi, ki ce, "Ranka ya daɗe, na ga sababbin maƙalu a fanninka na ce bari in kawo." Ki buɗe a kwamfutarsa shi kaɗai, ƙofa a rufe. Ku raba tsangayoyi a tsakaninku, kowane ma'aikaci ya riƙe guda, har a san cewa wance ce ta Kimiyya, wane ne na Shari'a.

Malamin Noma:

Malama, sannu da ƙoƙari. Ni ina daga ɓangaren da kike kuka da shi, ina koyarwa a tsangayar noma. Abin da Baba ya faɗa game da zuwa ofis gaskiya ne, amma zan ƙara abin da ake faɗa a ɗakin shan shayinmu idan irin takardarku ta iso.

Takarda ta ce "taron bita kan amfani da albarkatun laburare na zamani." Malamin da ke da aji mai ɗalibai ɗari uku, ga takardun jarrabawa a tebur, ga ɗaliban kundi a bakin ƙofa, bai ga abin da zai tsinta a wannan take ba. Ki canza taken zuwa abin da ke hana shi barci. Ƙarin girma yana hana shi barci. Jami'o'i da yawa yanzu suna tambayar ko mujallar da ka buga a ciki tana cikin Scopus ko Web of Science, manyan jerin mujallun da aka tantance, kuma na ga abokan aiki sun biya daloli ga mujallun bogi, waɗanda ke turo saƙon imel su yi alkawarin bugawa cikin mako guda, kwamitin tantancewa ya zo ya watsar da takardun. Ki kira taro ki ce za ki nuna yadda ake gane mujallar bogi kafin a tura kuɗi, ki ga ko ɗakin zai ɗauke mu. Jerin mujallun bogi da Jeffrey Beall ya yi suna da shi an sauke shi tun farkon 2017, don haka kada ki dogara da kwafin da ke yawo. Ki nuna mana yadda ake duba sunan mujalla a jerin Scopus kansa, wanda buɗe shi kyauta ne, da DOAJ, da tambayoyin tantance mujalla na shafin Think. Check. Submit. Ki nuna cewa mujalla tana iya rubuta a shafinta tana cikin Scopus alhali an cire ta.

Na biyu shi ne neman tallafin bincike na TETFund, wanda ba ya tafiya sai da bita mai sababbin manazarta. Na uku Zotero, manhajar tattara manazarta da tsara su. Ranar da wata ma'aikaciyar laburare ta nuna mini ana danna wuri ɗaya jerin manazarta ya juye daga salon APA zuwa salon wata mujalla, ranar na fara tura mata ɗalibaina. Kyauta ne, kuma yana aiki ko ba intanet bayan an tara kayan. Ki haɗa da buɗe ORCID, lambar shaidar mai bincike, da shafin Google Scholar, a yi a gama a wurin, kowa ya tashi da lambarsa. Kuma kada ki sa taron lokacin makin jarrabawa. Ki nemi minti ashirin a cikin taron ƙara wa juna sani na sashe, inda dama kowa yana zaune.

Inda zan ɗan saɓa wa Baba shi ne fasa batu a allo. Dabara ce mai kyau, amma ba ta cika sai ma'aikacin laburare ya san yaren fannin. Ɗauki ɗalibin da ke aiki a kan wuta-wuta a gonar gero. Idan ya rubuta "millet" kaɗai zai kwaso har da tamba da wasu hatsin da ba namu ba. Geronmu "pearl millet" ne. Sunansa na kimiyya da aka fi sani Pennisetum glaucum, tsofaffin takardu suna cewa Pennisetum typhoides ko Pennisetum americanum, wasu sababbi kuma Cenchrus americanus. Wuta-wutar gero da dawa Striga hermonthica ce, ta wake kuwa Striga gesnerioides. Wanda bai san wannan ba zai bar rabin abin da aka rubuta a baya, ko ya cika babi na biyu da maganar wake alhali gero yake nazari. Sannan mafi yawan aikin da ya shafi ƙasarmu ba a manyan mujallu kaɗai yake ba. Yana cikin rahotannin cibiyoyin binciken noma irin su ICRISAT, mai tasha a Sadore kusa da Yamai da ofis a Kano, da na IITA, da Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, da Cibiyar Binciken Tafkin Chadi a Maiduguri, wadda gero ke cikin amfanin gonar da aka ɗora mata. AGRIS, rumbun bayanan noma na FAO, hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, yana kama irin waɗannan. Don haka ni na fi son mu shiga ajin tare: ke ki riƙe dabarar nema, ni in riƙe kalmomin.

Abu na ƙarshe, kuma sabo. Ɗalibai suna kawo mini manazarta da ChatGPT ya rubuta musu. Sunan marubuci na gaske, sunan mujalla na gaske, amma maƙalar babu ita a duniya. Ba na hana su amfani da shi, don hanin ba ya aiki. Dokata ita ce duk abin da ka sa a manazarta ka nuna mini shi a buɗe, ko ka ba ni DOI, wato lambar shaidar maƙalar, in saka a doi.org ya kai ni wurinsa. Wannan darasin ku ya kamata ku koyar tun kafin su iso gabanmu, tare da maganar satar fasaha. Yara da yawa sun ɗauka Turnitin ko EagleScan, manhajojin da ke auna kason abin da aka kwafa, wasan rage kaso ne, a juya kalmomi har lamba ta sauko. Ba wanda ya zaunar da su ya nuna musu yadda ake karanta sakin layi, a rufe shi, a faɗi abin da aka fahimta, a ambaci mai shi.

Ɗalibar Hausa:

Ina gaishe da iyayena da malamaina. Ni ɗaliba ce mai digiri na biyu a sashen harsunan Nijeriya, ina aiki a kan waƙoƙin baka na mata. Na karanta duk abin da aka faɗa, kuma ina roƙon Malama kada ta manta da irinmu.

Na halarci irin wannan bita. Aka nuna mana Hinari, aka nuna mana PubMed, misalin duk a kan zazzaɓin cizon sauro. 'Yan sashenmu da na Larabci da na Tarihi muka fito muna kallon juna. Kayan aikinmu ba a can suke ba. JSTOR yana da amfani ƙwarai ga tsofaffin maƙalun Turawa da na malamanmu da suka buga a waje, kuma ko jami'a ba ta da rajista mutum na iya buɗe asusu ya karanta har maƙala 100 a wata kyauta. Amma abin da mai duba aikina zai tambaye ni shi ne ko na ga abin da aka rubuta a Harsunan Nijeriya ta Kano, ko Dundaye ta Sakkwato, ko Algaita, ko cikin littattafan da ake haɗawa don karrama wani shehun malami, ko takardun da aka gabatar a tarukan ƙara wa juna sani. Yawancinsu a takarda suke, wasu a ofishin malami ɗaya tak. Ga kuma kundaye. Na Zariya ana samun da yawa a Kubanni, rumbun Jami'ar Ahmadu Bello na intanet, amma a wurare da dama sai ka je da ƙafarka ka zauna ka bi kanta ɗaya bayan ɗaya.

To abin da nake so laburare ya koya mana shi ne taswirar inda kaya suke. Wane abu ake samu a Gidan Arewa a Kaduna, wane ne a Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna inda fayilolin lardunan mulkin mallaka suke, irin su Kanoprof da Sokprof, wane ne a Cibiyar Tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato, ina ake ganin tsofaffin fitowar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara a 1939. Wace takarda za ka riƙo daga sashenka kafin a bar ka ka shiga, ana barin ɗaukar hoto ko ba a bari. Mace mai aure da yara ba za ta hau mota zuwa Kaduna a kan wataƙila ba. Idan laburarenmu zai kira takwaransa a tabbatar kundin yana nan kafin in tashi, ya yi mini rabin aiki.

Sannan nema a kwamfuta da Hausa yana da nasa tarko. Wanda ya shigar da taken kundi a katalog wataƙila ya rubuta waka, wani wak'a, wani waƙa, kuma na'ura ba lallai ta haɗa su ba. Sunan Shehu ma haka: Usmanu Ɗanfodiyo, Usman dan Fodio, Uthman ibn Fudi. Dole a gwada duka. Tunda daga sashen katalog kika fito, Malama, ke kin fi kowa sanin yadda aka shigar da naku.

Da za ki tattara taken duk kundayen sashenmu a fayil ɗaya, suna da shekara da mataki, ki tura mana a WhatsApp, da kin hana maimaita batu ɗaya sau uku. Kuma don Allah idan kin zo sashenmu ki yi bayanin da Hausa, ki nuna mana yadda ake rubuta hira da tsohuwa ko waƙar da aka naɗa a gidan biki a cikin manazarta, don kowane malami da yadda yake so.

Ɗan Maraɗi:

Salamu alaikum. Ina bin zancen daga Nijar, kuma matsalar ɗaya ce, sai dai mu da Faransanci muke fama. Ƙarin da zan yi wa 'yar'uwa mai nazarin waƙoƙi da Malam na noma: akwai aiki mai yawa a kan ƙasar Hausa da ba za ku gani ba idan da Ingilishi kaɗai kuke nema. Ku gwada "haoussa", ku gwada "mil" a madadin gero. Shafin Persée yana da tsofaffin mujallun Faransa kyauta, haka OpenEdition da HAL, sannan rumbun Horizon na IRD, wata cibiyar bincike ta Faransa, cike yake da rahotanni a kan noma da ƙasa da ruwa da kasuwannin Maraɗi da Damagaram. A Yamai kuma cibiyar bincike ta IRSH ta Jami'ar Abdou Moumouni tana da sashen rubuce-rubucen hannu na Larabci da ajami. Ko mutum bai iya Faransanci ba, na'urar fassara za ta nuna masa ko takardar ta cancanci ya nemi mai karanta masa.

Abin da na ga yana aiki a wajenmu shi ne gajeren bidiyo na minti biyu ko uku, a naɗi fuskar waya ana nema ana bayani da murya, a tura wa shugaban aji ya watsa. Ɗalibi zai kalla da dare lokacin da yake kan aikin, ya maimaita yadda yake so. Malamai ma suna kalla, ba wanda ya gan su.

Malamar Laburare:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba, na je wurin malamin dabarun bincike na sashen tattalin arziki, ya amince ya ba ni lacca ɗaya bayan raba batutuwa, kuma zai zauna a ajin kamar yadda Malam ya ba da shawara. 'Yar'uwa, jerin kundayen yana cikin Koha, manhajar katalog ɗinmu, fitar da shi ba wuya, sai dai na shekarun baya da ba a shigar ba, waɗannan sai mun bi kanta da hannu. Zan fara da sashen Hausa.

Saura abu biyu. Kalmar sirrin Research4Life: ɗalibai suna roƙo in tura a guruf, shugabana ya hana, su kuma suna ganin rowa ce. Sannan shugaban laburare zai tambaye ni shaidar cewa sabon tsarin ya fi tsohon, ni kuma ba na son in kai masa adadin waɗanda suka sa hannu kawai.

Tsohon Ma'aikaci:

Shugabanki yana da gaskiya. Yarjejeniyar ta ba ma'aikata da ɗaliban jami'arku damar amfani, ba ta yarda a baza kalmar a fili ba, kuma idan aka ga ana shiga da ita daga wuraren da ba naku ba ko ana kwasar maƙalu ba ƙaƙƙautawa, ana iya rufe wa jami'ar gaba ɗaya. Abin da ya shiga guruf kuwa ya fita hannunki. Ki bayyana wa ɗaliban wannan dalili, kada ki ce musu "an hana" kawai. Duk mai so ya zo da katinsa na ɗalibi, ki ba shi, ki zauna da shi minti biyar ya shiga a gabanki ya sauke maƙala ɗaya a kan batunsa. Ki kuma yi magana da sashen kwamfuta na jami'a a yi rajistar adireshin intanet ɗinku da Research4Life, yadda duk wanda ke kan netwok ɗin makaranta zai shiga kai tsaye.

Shaida kuma tana cikin kundayen da za a kawo muku ajiya. Ki ɗebi goma na bara daga sashen tattalin arzikin, ki buɗe shafin manazarta, ki ƙirga nawa ne maƙalun mujallu, nawa ne handaut da shafukan intanet marasa marubuci, nawa ne na shekaru goma da suka wuce zuwa yau, nawa ne kika nema kika rasa. Idan na bana suka iso ki yi musu irin wannan ƙirga, ki ajiye takardun biyu gefe da gefe a teburin shugaban. Ki ba shugaban sashen tattalin arzikin kwafi shi ma, don a taron majalisar tsangaya shi zai faɗa wa sauran, kuma daga bakinsa za su fi saurin karɓa.